Wayar Da A Ke Binnewa Cikin Bangon Ofis

Duk wanda ya shiga banki ko wani babban ofis a Kano ko Kaduna ya kan ga kwamfutoci jere, amma ba ya ganin abin da ya haɗa su. Wayoyi ne kwance cikin bango da bayan silin. A kansu mu ke so mu ja hankalin masu gini, domin kwamfuta a kan sauya ta bayan 'yan shekaru, ita kuwa waya in ta ɓaci, sai an fasa filasta.

A da can kowane kamfani da irin wayarsa. Wanda ya sayi injin wani kamfani dabam, tilas ya sāke shimfiɗa. Da aka rarraba babban kamfanin tarho na Amurka, watau AT&T, cikin 1984, sai ɗawainiyar wayar cikin gida ta koma wuyan masu gini, rikici ya ƙaru. Saboda haka masana sana'ar suka zauna tun 1985, har cikin 1991 suka fitar da ƙa'idar da a ke kira TIA-568. Ta duniya baki ɗaya, ISO/IEC 11801, ta biyo baya cikin 1995.

Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta. Kowane soket yana da wayarsa ta kansa, wadda ta tafi sak zuwa ɗakin da a ke tattara su, ba a yi mata mahaɗi a hanya. Tsawonta kada ya wuce mita 90, sa'an nan a bar mita 10 domin gajerun wayoyin bakin tebur da na ɗakin, jimla 100 ke nan. Cikinta akwai silin jan ƙarfe 8, an murɗe su biyu-biyu kamar tufka, don kada saƙon wannan ya shiga na wancan. Mai aiki in ya zo ɗaurawa, kada ya warware tufkar nan fiye da rabin inci, kada kuma ya karya wayar a kusurwa ko ya fizge ta da ƙarfi.

To, ga inda abin ya shafe mu ƙwarai. Mita 90 ɗin nan an auna ta ne bisa zafin digiri 20. Wanda ya taɓa leƙa tsakanin silin da kwano a watan Afrilu ya san zafin wurin ya ninka haka. Zafi kuwa yana raunana saƙo, don haka ƙa'idar kanta ta ce a rage tsawo a irin wannan wuri.

Abu na biyu ya fi ba mu tsoro. Akwai waya mai araha a kasuwa wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, ido ba ya bambanta su sai an kankare. Ƙa'ida ba ta yarda da ita ba ko kusa. Tana saurin karyewa, ga shi kuma tun 2003 wayar nan ba saƙo kaɗai ta ke ɗauka ba, har da wutar da ke kunna tarho da kyamara, alminiyam kuwa ya fi jan ƙarfe ɗaukar zafi.

Shawararmu ga mai gini ita ce ya kira masanin waya tun gini yana kan takarda. Kafin ya biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa, ya nemi a gwada kowace waya da injin gwaji, a rubuta mata lamba a bakinta duka biyu, a kuma danƙa masa takardar sakamakon a hannu.