Me ya sa Rhythmbox ke ƙin kunna wasu fayilolin sauti a Linux?

Yau batunmu na waɗanda suka koma Linux ne, musamman Ubuntu. Ka kwaso tsofaffin fayiloli daga memori ko filash, waƙoƙi ne, karatu ne ko muryar da aka naɗa da tsohuwar Nokia, ka buɗe Rhythmbox, wasu su yi, wasu su ƙi. Kafin ka ce fayil ɗin ya lalace ka goge shi, dakata tukuna. Galibi lafiyarsa ƙalau.

Kowane fayil na sauti abu biyu ne: mazubi, da abin da ke cikin mazubin. Haruffan nan na ƙarshen suna, irin .ogg ko .m4a, mazubin suke nuna maka. Sautin da ke ciki kuwa an matse shi ne da wani tsari da ake kira kodek. Misali, saƙon murya na WhatsApp kodek ɗinsa Opus ne, a cikin mazubin Ogg. Shi ya sa canza sunan fayil daga .wma zuwa .mp3 ba ya maganin komai. Ko ka rubuta "madara" a jikin galan ɗin manja, manja za ka tsiyayo.

To shi Rhythmbox ba ya warware kodek da kansa. Aikin yana miƙa shi ne ga wani tsari mai suna GStreamer, shi kuma an rarraba kayan aikinsa kashi-kashi: base, good, bad da ugly. Kashin good ingantattu ne, ba su da rigimar doka. Na bad ba su gama nuna ba. Na ugly suna aiki sosai, amma akwai batun haƙƙin mallakar fasaha a kansu. Wannan batun ne ya sa wasu nau'o'in Linux ba sa zuwa da komai a ɗaure. MP3 ma ya daɗe cikin wannan hali, sai a 2017 da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare aka huta. WMA na Microsoft da AAC da AMR su ne har yanzu suka fi ba mutane ciwon kai.

Matakin farko, gano abin da ke cikin fayil ɗin. Buɗe Terminal ka girka FFmpeg:

sudo apt install ffmpeg

Sannan ka rubuta:

ffprobe waka.wma

A wajen "waka.wma" sai ka sa sunan naka fayil ɗin. Idan sunan na da tazara a tsakiya, ka sa shi cikin alamar zance. Duba layin da aka rubuta Audio, za ka ga sunan kodek ɗin, kamar wmav2 ko aac ko amr_nb. Yanzu ka san abin da kake nema.

Mataki na biyu, kawo wa GStreamer abin da ya rasa:

sudo apt install gstreamer1.0-plugins-good gstreamer1.0-plugins-bad gstreamer1.0-plugins-ugly gstreamer1.0-libav

Wannan na ƙarshen, libav, shi ne babban yaya, don yana aro kodek-kodek na FFmpeg ne ya ba GStreamer. Fayil ɗin WMA hannu biyu yake buƙata: ugly ya buɗe mazubin, libav ya karanta sautin. In ka girka ɗaya ka bar ɗaya, shiru za ka ji. Masu Fedora kuma, sunayen sun ɗan bambanta, kuma wasu sai an ƙara ma'ajiyar RPM Fusion ake samunsu.

Da ka gama, rufe Rhythmbox gaba ɗaya ka sake buɗewa. In har yanzu ya ƙi, goge jakar ~/.cache/gstreamer-1.0, inda GStreamer ke ajiye jerin kayan aikin da ya sani. Kar ka ji tsoro, zai sake rubuta sabo da kansa.

Ga wani tarko da ke kama mutane da yawa. Idan manhajar taka ta Flatpak ce ko Snap, a killace take, da nata kayan take aiki, don haka abin da ka girka da apt ba lallai ta gan shi ba. Sai ka duba ta wace hanya ka girka ta tun farko.

Wani zai ce, ai sai in buɗe da VLC kawai. Gaskiya ne, VLC ba ya dogara da GStreamer, kuma kusan komai yana kunnawa. Yana ma da kyau wajen gwaji: in VLC ya kunna, Rhythmbox ya ƙi, to fayil ɗinka lafiya lau, kodek ne babu. Amma in kana son waƙoƙinka a jere wuri guda, da sunan mawaƙi da kundi, gyara Rhythmbox ɗin ya fi.

Mafita ta ƙarshe ita ce juya fayil ɗin:

ffmpeg -i murya.amr murya.mp3

A nan a yi hattara. WMA da AMR da MP3 duk suna zubar da wani ɓangare na sautin ne don fayil ya ƙanƙance. Juya ɗaya zuwa ɗaya tamkar yin fotokwafin fotokwafi ne, kowane zagaye sai ya ƙara dusashewa. Saboda haka kar ka goge na asali, musamman in muryar wani ce da ba za a sake samu ba. Ajiye shi a wuri biyu ma.

Akwai kuma fayilolin da aka kulle da gangan, irin .m4p na tsohon shagon iTunes da wasu WMA da aka sayar da makulli. Waɗannan ƙarin kodek ba zai buɗe su ba.

In ka gwada duk wannan ya ƙi, kwafo layin Audio da ffprobe ya nuna maka, ka ajiye mana a ƙasa tare da sunan Linux ɗinka, mu duba tare.