Rumbun Bayanai Ɗaya, Ofisoshi Da Yawa: Darasin Kafanchan Ga Ma'aikatan Tarayya

Tun ƙarshen shekarun 1920 aka san Kafanchan a matsayin mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. A yau abin da ya fi zirga-zirga tsakanin garin da Abuja, tafiyar kusan kilomita 200, shi ne bayanai: jerin sunayen ma'aikata, rajistar marasa lafiya, lissafin magunguna da takardun kwangila.

Wannan zirga-zirga za ta ƙaru. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia. Kowace sabuwar cibiya tana zuwa da kundinta, kuma kowane kundi yana da masu buƙatar dubawa a wurare daban-daban. Tambayar da ke jiran jami'an gudanarwa da mataimaka na musamman ita ce: ta yaya mutane da dama, wasu a Kafanchan, wasu a Kwoi ko Zonkwa ko Gwantu, wasu a Abuja, za su yi aiki da rumbun bayanai guda ba tare da ya lalace ko ya faɗa hannun da bai dace ba?

Inda gizo ke saƙa

Galibin ƙananan rumbunan bayanai a ofisoshi suna farawa ne a kan kwamfutar mutum ɗaya. Wani ma'aikaci mai hazaƙa ya tsara su da Microsoft Access ko Excel don ya sauƙaƙa wa kansa aiki. Idan abin ya yi kyau sai shugaban sashe ya nemi kwafi, sannan ofishin shiyya, sannan hedikwata. Daga nan sai fayil ya fara yawo a filash, a imel, wani lokaci har a WhatsApp. Kafin wata uku a samu kwafi biyar, kowanne da nasa gyaran, babu wanda zai iya rantsuwa cewa nasa ne sahihi.

Wasu kan yi dabarar ajiye fayil ɗin a Google Drive ko OneDrive ko Dropbox. Wannan yana aiki ga wasiƙa ko rahoto, amma rumbun Access ba haka aka gina shi ba. Waɗannan manhajoji suna sauke wa kowa nasa kwafin ne, daga baya su daidaita. Idan akawu a Kachia da wani a Abuja suka yi gyara a lokaci guda, ko dai aikin ɗaya ya shafe na ɗaya, ko a wayi gari da fayil biyu masu karo da juna.

Buɗe fayil ɗin kai tsaye daga nesa ma yana da nasa haɗarin. A tsarin Access, kwamfutar kowane mai amfani ita ce ke karantawa da rubutawa a cikin fayil ɗin da kanta. Idan sadarwa ta yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa ga kowa da kowa. Ga shi kuma girmansa ba ya wuce gigabait 2. Sannan tun daga sabon tsarin fayil na shekarar 2007, Microsoft ta cire damar ba kowane mutum nasa izinin a cikin fayil ɗin. Abin da ya rage shi ne kalmar sirri ɗaya ga kowa, kuma makullin da ke hannun mutum goma ba makulli ba ne.

Abin da Kafanchan ta riga ta gani

Yankewar sadarwa ba baƙon abu ba ne a kudancin Kaduna. Gidauniyar Fantsuam, wadda John Dada da abokan aikinsa suka kafa a 1996, ta fara ne da ba mata ƙananan basussuka, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta a unguwar Bayan Loco. A 2001 ta samu lambar yabo ta Hafkin ta nahiyar Afirka kan wannan aiki. Da tallafin cibiyar binciken raya ƙasashe ta Kanada, IDRC, ta kafa Zittnet, wata hanyar sadarwa mara waya da ta riƙa raba intanet ɗin tauraron ɗan'adam ga makarantu, cibiyoyin lafiya da sauran masu buƙata a garin da kewaye.

Abin lura shi ne inda ƙoƙarin ya fi tafiya. Sai da aka tanadi batura da faifan hasken rana saboda rashin tabbas na wutar lantarki, aka gina ɗakin na'urori da tubalin jar ƙasa don rage zafi, aka kafa hasumiya mai tsayin mita 45. A 2008 guguwa ta kayar da wannan hasumiya. Shekaru bayan haka, daga ƙarshen Satumbar 2021, an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna na kusan wata biyu saboda dalilan tsaro. Duk wanda zai tsara rumbun bayanai a wannan yanki dole ya ɗauka cewa layi zai yanke, ya kuma yi tsarin da yankewar ba za ta ɓata kundi ba.

Fannin lafiya ya riga ya bi wannan hanya. Manhajar tattara alƙaluman lafiya ta DHIS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1990 tare da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, a kan Access aka gina ta da farko. Kowane ofishi yana da nasa kwafin, ana fitar da bayanai a aika sama a haɗa. Nijeriya ma ta yi amfani da wannan tsari kafin ta koma DHIS2 a farkon shekarun 2010. Bambancin kuwa babba ne: rumbun yana zaune wuri guda, jami'in da ke tattara alƙaluman Ƙaramar Hukumar Jema'a ko Kaura yana shiga ta intanet da sunansa da kalmar sirrinsa, ya shigar da bayanan yankin da aka ba shi izini kawai.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ta ishi ofishin da duk ma'aikatansa ke cikin gini ɗaya. A raba rumbun gida biyu: ainihin bayanai su zauna a kwamfuta guda, kowane ma'aikaci kuma a ba shi nasa kwafin fom-fom da rahotanni. A haɗa su da waya, ba da iska ba. Wannan ba ya tsallake katangar ofis.

Hanya ta biyu ita ce ta waɗanda ke nesa amma ba a shirya sauya manhaja ba. Rumbun ya zauna a kwamfuta uwar garke, mai aiki daga nesa ya shiga ta Remote Desktop. Abin da ke bin layi hoton allo ne da bugun maɓallai kawai, fayil ɗin ba ya motsawa. Idan sadarwa ta yanke a Kagoro, aikin yana nan a kan uwar garke har mutum ya dawo. Sharaɗi guda ne: kada a bar wannan ƙofa a buɗe ga duniya, domin tana cikin ƙofofin da masu garƙame bayanai su nemi kuɗin fansa suka fi lalubawa. Sai an fara shiga ta keɓaɓɓiyar hanya ta VPN.

Hanya ta uku ita ce mai ɗorewa: a kwashe bayanan zuwa babban rumbu irin SQL Server ko PostgreSQL, wanda shi ne ke ƙarƙashin DHIS2. Irin wannan rumbu ko dai ya kammala rubutu gaba ɗaya, ko ya soke shi gaba ɗaya, don haka yankewar layi ba ta barin rabin aiki. Yana ba kowa nasa izinin, ana kuma iya saita shi ya riƙa rubuta wanda ya sauya abu da lokacin da ya sauya. Ga ma'aikatan da ke shiga ƙauyukan Sanga ko Kauru, manhajoji irin su KoboToolbox da ODK suna ajiye bayanai a waya har sai an samu layi. Game da wurin ajiya kuwa, ƙa'idojin hukumar NITDA na 2013 sun buƙaci a ajiye bayanan gwamnati a cikin gida, kuma kamfanin Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, shi ne ke ba ma'aikatun tarayya irin wannan hidima.

Nauyin da doka ta ɗora

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan an samu kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Filash ɗin da ya faɗi a tashar mota ɗauke da sunayen marasa lafiya yana iya shiga cikin wannan hukunci.

Saboda haka, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata kowane darakta ko mataimaki ya yi kafin ya sa hannu a kan takardar amincewa. Ina ainihin rumbun yake zaune? Shin kowane ma'aikaci yana da nasa sunan shiga, tare da lambar tabbatarwa ta waya? Wa ke rufe ƙofar wanda aka yi wa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, kuma cikin kwana nawa? Yaushe aka gwada dawo da bayanai daga kwafin ajiya, wanda ke wani gini daban? Ofishin da ya iya amsa waɗannan a rubuce ya fi ƙarfin rabin matsalar tun kafin ya sayi na'ura ko ɗaya.