Dokar Wucin Gadi da Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma: Misalin Birtaniya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna yadda ikon da hukuma kan karɓa a lokacin firgici, da sunan wucin gadi, yakan zauna daram bayan ƙura ta lafa. Za mu ɗauki Birtaniya a matsayin misali.

2.0 Asalin Dokar

Ran 21 ga Nuwamba 1974 bama-bamai suka tashi a mashaya biyu a birnin Birmingham, mutum 21 suka hallaka, aka kuwa ɗora alhakin a kan ƙungiyar IRA. Kwana takwas bayan haka Majalisa ta zartar da Dokar Hana Ta'addanci, wadda Ministan Cikin Gida, Roy Jenkins, ya gabatar. Dokar ta ba 'yan sanda ikon tsare mutum awa 48 ba tare da an gurfanar da shi ba, minista kuma yana iya ƙara kwana biyar. An ce ta wucin gadi ce, amma aka yi ta sabunta ta har shekara ta 2000, sa'ad da aka maye gurbinta da doka ta dindindin.

3.0 Abin da Ya Biyo Baya

Dalilin kai wanda ake tuhuma gaban alƙali da wuri shi ne a hana tilasta masa amsa laifi a ɓoye. Paul Hill yana cikin waɗanda aka fara tsarewa da wannan doka. Shi da wasu uku aka ɗaure su kan harin Guildford bisa ga furucinsu a hannun 'yan sanda, ba a soke hukuncin ba sai 1989. A 1988 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa tsarewar kwana huɗu da awa shida ba tare da alƙali ba ta saɓa ƙa'ida. Duk da haka wa'adin ya kai kwana 14 a 2003, ya kai 28 a 2006, kafin a mayar da shi 14 a 2011.

4.0 Kammalawa

Babu mai musun cewa wajibi ne hukuma ta tsare rayukan jama'a. Sai dai wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne tukuna. Saboda haka ya kamata a yi wa kowace dokar ta-ɓaci tambaya biyu tun ranar kafa ta: wane alƙali ne zai sa mata ido, kuma yaushe za ta ƙare?