TSOHUWAR MOTA DA SHAN MAI: TSUFA NE KO RASHIN KULA?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, maganar shan man mota ta tashi daga hirar direbobi a tasha, ta shiga ofisoshin gwamnati da ɗakunan malamai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta kai naira 1,000 a wurare da dama. Ma'aikata da yawa kuwa tsofaffin motoci suke hawa, waɗanda aka shigo da su bayan sun gama aiki a Turai ko Amurka.

Idan irin wannan mota ta soma shan mai fiye da kima, abin da aka fi gaya wa mai ita shi ne tsufa ne, sai haƙuri, ko kuwa a sauke inji. Alhali kuwa sau da yawa laifin yana ga wani ƙaramin abu da aka yi sakaci da shi, ko wanda aka cire da sunan gyara. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi abin daki-daki, a fara da mai araha, a bar buɗe inji ya zama matakin ƙarshe.

A FARA DA AWO

Allurar mai da ke gaban direba ba ma'auni ba ce abin dogaro, musamman a tsohuwar mota. Abin da ya kamata shi ne mutum ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita, ya ci gaba da zirga-zirgarsa yadda ya saba, sa'an nan ya koma gidan man nan ya sake cikawa. Sai ya raba tafiyar da ya yi da yawan litocin da suka shiga. Wanda ya yi kilomita 400 ya sha lita 40, motarsa tana yin kilomita 10 da kowace lita. A maimaita haka sau biyu ko uku kafin a yanke hukunci.

Ga misalin amfanin wannan lissafi. Ma'aikacin da ke yin kilomita 30 kullum, cikin kwanakin aiki 22 zai yi kilomita 660. In motarsa tana yin kilomita 12 da lita, zai sha lita 55. In ta faɗo zuwa 8, zai sha fiye da lita 82. Bambancin lita 27 ɗin nan, a farashin naira 1,000, ya haura kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024.

Bayan awo sai a duba abubuwan da ba su bukatar kuɗi sosai. Tayar da iskarta ta ragu tana sa inji wahalar jan mota. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Birkin da ya riƙe ana gane shi idan ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya. Warin fetur a inda mota ta kwana alama ce ta yoyo, wanda ban da asara yana iya haddasa gobara. Haka nan fulogin da ya cinye yakan bar wani kaso na mai ya fita ba tare da ya ƙone ba. Matatar iska kuwa, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, tana ƙara shan mai ƙwarai a motoci masu kafireta irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. A motoci masu injekta ta fi rage ƙarfin inji.

ABIN DA AKA CIRE DA SUNAN GYARA

Motar zamani tana da 'yar kwamfuta wadda ke auna yawan man da za a fesa wa inji, tana neman kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Ba ta gani, ba ta ji, sai abin da na'urorin da ke jikin inji suka gaya mata. In suka yi mata ƙarya, sai ta yi ta zuba mai.

A nan ne wata al'ada ta garejinmu take cutar masu motoci. Da zarar mota ta iso, sai a ce an ƙera ta ne domin ƙasar sanyi, a cire tamostat, a haɗa fankar lagireto kai-tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Aikin tamostat shi ne tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka tsara masa, watau kimanin digiri 90. Idan babu shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe da lokacin hunturu, ita kuwa kwamfuta muddin ta ga inji da sanyi, ƙarin mai za ta ba shi. Wannan rarar man tana baƙanta fulogi, tana kuma wanke baƙin man da ke jikin silinda, inji ya ƙara saurin cinyewa. Motar da ke zafi fiye da kima lagiretonta ko famfon ruwanta ko fankarta ne ke neman gyara.

Na biyu ita ce na'urar da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira oksijin sensa. Ita ce ke shinshina hayaƙi ta gaya wa kwamfuta ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Takan gaji bayan doguwar tafiya, kuma idan ta mutu shan mai yakan tashi sosai. Kusa da ita akwai matatar hayaƙi wadda ake wa laƙabi da indomi, wadda wasu ke farkewa su sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Da an cire ta, a motoci da yawa fitilar gargaɗin inji takan kunnu ta zauna, har mai mota ya saba da ita, ranar da wata matsalar gaske ta zo ba zai sani ba. Motocin da aka ƙera domin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da wurin jona na'urar bincike wadda ke faɗin inda laifin yake. Kuɗin wannan bincike bai kai na canza kaya bisa cinta-cinta ba.

Hayaƙi ma yana ba da labari. Baƙi yana nufin fetur ya yi yawa. Shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi ya cinye. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga inda wuta ke ci. Ko da an ga shuɗin, a sa makaniki ya auna ƙarfin matsin kowace silinda tukuna, domin wannan awo ne ke tabbatar da ko lokacin sauke inji ya yi.

HANNUN DIREBA

Daɗin daɗawa, akwai rabon mai tuƙi. Barin mota tana ɗumi minti goma da safe ɓarnar mai ce. Motar injekta minti ɗaya ya ishe ta, a tashi a hankali. Fizgar totur, da tara kaya a but, da gudun da ya wuce kilomita 80 zuwa 90 a awa, duk suna ƙara sha. Masu kashe inji a gangara kuwa da ransu suke wasa, gama birki da sitiyari kan yi tauri idan inji ya mutu. Sakin giya ma ba riba, domin motar injekta da kanta take yanke mai idan aka ɗaga ƙafa tana cikin giya.

Gaskiya ne injin da ya yi shekara ashirin ba zai koma sabo ba. Amma mai motar da ya ajiye ɗan littafi yana rubuta lita da kilomita zai ga canji tun yana ƙarami, kuma ranar da ya shiga gareji zai shiga da hujja a hannu, ya kuma iya tambayar makaniki dalilin duk abin da za a cire masa.