Daga Minjirya Zuwa Motar Lantarki: Me Sharaɗa, Challawa Da Bompai Za Su Ƙera?

Duk masuncin da ya daɗe yana jefa koma a kogunan ƙasar Hausa ya san minjirya, kifin nan mai santsi marar ɓawo wanda idan hannu ya taɓa shi sai jiki ya ɗauki karkarwa har kafaɗa. Masana halittu sun auna ƙarfin lantarkin da babbar minjirya ke saki, sun tarar yakan kai bolt 350. Batirin motar lantarki ƙirar Tesla Model 3, wadda ake ta maganarta a duniya, shi ma ƙarfinsa yana tsakanin bolt 350 zuwa 400 ne. Dabarar kuwa ɗaya ce. A jikin kifin akwai dubban ƙwayoyin halitta da aka jera, kowace na ba da ɗan lantarki kaɗan, idan sun haɗu sai ƙarfin ya taru. Haka ake jera ƙwayoyin batir a ƙarƙashin motar. Shi kansa Alessandro Volta, Ba'italiyen da ya ƙirƙiro batir a shekarar 1800, ya kamanta abin da ya haɗa da gaɓar lantarki ta kifi. Ashe dai tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Wannan maƙala za ta duba ce-ce-ku-cen da aka yi kafin fitowar sabon samfurin wata motar lantarki mai tsananin gudu, da kimiyyar da ke bayan surarta, sa'an nan ta dawo gida ta tambayi abin da wannan sauyi ke nufi ga unguwannin masana'antu na Kano.

Jiran Sabon Samfuri

Kamfanin Tesla na Amurka ya fara miƙa wa masu saye motar Model 3 a shekarar 2017. A watan Satumba na 2023 ya fito da ita cikin sabuwar kama: fitilu sirara, goshi mai sulɓi, da ciki mai ƙarancin ƙara. Amma samfurin da ya fi gudu, wanda ake kira Performance, bai fito tare da sauran ba. Nan fa masu sha'awar motoci suka shiga hasashe. Aka riƙa ɗaukar hotunan motocin gwaji waɗanda aka lulluɓe musu gaba da baya, ana ƙoƙarin gano abin da aka ɓoye. Wasu suka ce za a sauya mata suna zuwa Ludicrous. Wasu suka sa ran za a sa mata injina uku irin na yayarta Model S Plaid, wadda ta fito a 2021 da ƙarfin doki 1,020.

Gani ya kori ji a watan Afrilu na 2024. Sunan bai sauya ba, injinan kuma biyu ne kamar da. Abin da aka sabunta shi ne bamba ta gaba, da ɗan fiffiken da ke bisa but, da kujeru masu riƙe jikin direba a kwana, da shokozoba mai daidaita kanta gwargwadon hanya. Daga tsaye cik, motar na kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.1, alhali tsohuwar na yin haka cikin daƙiƙa 3.3. Ƙarshen gudunta kilomita 262 ne a awa. Wato watanni bakwai na zumuɗi sun ƙare a kan ribar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba.

Akwai kuma darasi a wani ɗan ƙaramin abu. A sabuwar kamar ta 2023 an cire sandar sigina da ke gefen sitiyari, aka maye gurbinta da maɓallai. Direbobi da yawa suka koka, musamman a shataletale, inda sitiyari ke juye, yatsa ya rasa maɓalli. A 2025 kamfanin ya fara mayar da sandar. Zane komai kyawunsa a takarda, hannun mai amfani da shi ne alƙali.

Abin Da Iska Ke Yi Wa Mota

Me ya sa masu zanen mota ke ɓata watanni a kan lanƙwasar bamba? Dalilin shi ne iska. Duk abin da ke gudu sai ya ture iskar da ke gabansa, ita kuma ta tura shi baya. Idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don cin galaba a kanta kuwa ya ninka sau takwas. Injiniyoyi na da wani adadi da suke auna sulɓin jiki da shi. Gwargwadon ƙanƙantarsa, gwargwadon sauƙin keta iska. A sabuwar Model 3 an rage shi daga wajen 0.23 zuwa 0.219.

A nan ma dabbobi ne malamai. Ɗalibi ya dubi tarwaɗa: kai mai faɗi da santsi, jiki yana sirancewa har wutsiya, don ruwa ya rufe a bayanta ba tare da hargitsi ba. Ya dubi shaho lokacin da ya naɗe fikafikai zai kawo sura. A Japan, injiniya Eiji Nakatsu ya kwaikwayi bakin wani tsuntsu mai nutso ya kamo kifi wajen zana hancin jirgin ƙasa mai gudu da ya fara aiki a 1997, don rage ƙarar da jirgin ke yi idan ya fito daga ramin dutse. A 2005 kamfanin Mercedes-Benz ya nuna motar gwaji da aka zana bisa surar wani kifin teku mai kama da akwati.

Wannan lamari ya fi matsa wa motar lantarki saboda guzurinta kaɗan ne. Kilo ɗaya na fetur na ɗauke da makamashi wajen sau arba'in na abin da kilo ɗaya na ƙwayar batirin litiyam ke riƙewa. Abin da ya cece ta shi ne rashin almubazzaranci. Injin fetur na mayar da kimanin kashi 30 cikin ɗari na mai zuwa motsi, sauran ya tafi a zafi ta lagireto da salansa. Injin lantarki kuwa yakan kai kashi 90. Bugu da ƙari, idan direba ya sassauta, injin kan juya ya zama janareta, ya mayar da wani ɓangare na ƙarfin gudun cikin batir.

Ƙirjin Kaza Da Ƙirjin Tantabara

Duk wanda ya taɓa fiɗar kaza da tantabara ya lura da bambanci. Naman ƙirjin kaza fari ne, na tantabara ja. Tsokar kaza irin mai fizga ce: tana ba da ƙarfi farat ɗaya, kaza ta tashi ta haye katanga, shi ke nan ta gaji. Tsokar tantabara cike take da hanyoyin jini da sinadarin da ke riƙe iskar numfashi, don haka takan yi tafiya mai nisa ba ta sauka ba. Halitta ba ta haɗa wa tsoka ɗaya iyakar fizga da iyakar juriya ba. Haka mota. Tayoyi masu faɗi da ke riƙe kwalta a kwana suna cin batir, shi ya sa samfurin Performance bai kai ɗan'uwansa mai dogon zango nisan tafiya a caji ɗaya ba.

To, wace irin tsoka Kano ke buƙata? A tsakanin Ƙofar Nassarawa da Kantin Kwari, inda da wuya abin hawa ya wuce kilomita 30 a awa, turjiyar iska ba ta da wani tasiri. Abin da ke cin makamashi shi ne nauyi da yawan tsayawa da tashi, kuma a nan ne birki mai mayar da caji ya fi amfani. Tazarar cikin motar Performance da ƙasa ba ta kai santimita 14 ba, abin da zai sa ta daki kowane tudun rage gudu, balle kwatamin damina.

Sai kuma zafi. Batirin litiyam ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 20 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kusan kamar yadda jikin ɗan Adam ke tsare kansa a digiri 37. Idan zafi ya yi yawa, sinadaran cikinsa kan lalace da wuri, ƙarfin riƙe cajinsa ya ragu. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40 a inuwa. Manyan motoci na zagaya ruwan sanyaya ta siraran bututu tsakanin ƙwayoyin batir, kamar yadda jini ke kwaso zafi daga cikin jiki zuwa fata. Ƙananan ababen hawa masu araha galibi ba su da wannan gata, iska kawai suke dogaro da ita, iskar da a lokacin hunturu ke cike da ƙura mai toshe kafofi. Wannan matsala ce da ba a Kalifoniya za a warware ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda Aka Kwana A Gida

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen motoci a birnin Ditiroyit na Amurka, shi ne ya zana surar motar gwaji ta Chevrolet Volt, mai haɗa batir da fetur, wadda kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Ya shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa ƙirar motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. A watan Nuwamba na 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas, a 2021 kuma aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu batir.

Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga litar fetur a Kano daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya mayar da wannan batu na kowa da kowa. Tun bayan hana acaɓa a 2013, A Daidaita Sahu ne ƙafar talakan birnin, kuɗin mai kuwa shi ke yanka wa fasinja farashi.

A watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar lantarki mai amfani da hasken rana, mai ƙarfin megawat 10, a unguwar masana'antu ta Challawa cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Ga lissafi ga ɗalibai. Idan tashar ta yi awa ɗaya a cikakken ƙarfinta, za ta ba da kilowat-awa 10,000. Batirin motar Performance na ɗaukar wajen kilowat-awa 80, ke nan za a cika motoci 125. Batirin keke mai ƙafa uku irin wanda ake ƙerawa a Indiya galibi bai kai kilowat-awa 10 ba, ke nan za a cika sama da dubu. Mai karatu ya auna da kansa wanne ya fi kwasar mutane zuwa kasuwa da makaranta.

Bompai, Sharaɗa da Challawa sun ga jiya. Masana'antu da dama a cikinsu sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1980 saboda ƙarancin wuta da kwararowar kayan waje. Duk da haka akwai sauran masu narka roba, da masu aikin ƙarfe, da majema. Abin hawa mai lantarki ba shi da fulogi, ba shi da kafireta, ba ya son baƙin mai, sassansa masu motsi kaɗan ne. Gangar jiki, kujeru, rumfa, akwatin batir da wayoyi duk abubuwa ne da ba su fi ƙarfin waɗannan unguwanni ba. Sai dai majeman Challawa su lura: tun 2019 Tesla ta daina sa fatar dabba a cikin Model 3. Makanikai da 'yan kasuwar kayan gyara na Ƙofar Ruwa su ma sauyin zai iske su har shago.

Mataccen Batir Ina Za Shi?

Akwai tambayar da masu hasashen sura ba su cika yi ba. Kowane batir na mutuwa. Mafi arha shi ne na dalma, dalma kuwa guba ce mai hana jini ginuwa, mai dakushe ƙwaƙwalwar yara, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa. A 2010 gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara. Batirin litiyam kuma idan aka fasa shi da guduma yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kano ta riga ta ɗanɗana irin wannan: bincike da yawa na jami'o'i ya nuna sinadarin kuromiyam daga ruwan jima a Kogin Challawa, da dattin masana'antun Bompai a rafin Getsi da ke zuba cikin Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan latas da alayyafo. Idan za a kafa wurin harhaɗa keken lantarki, wajibi ne a kafa wurin karɓar mataccen batir tare da shi. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Motar da ke kai kilomita 100 cikin daƙiƙa uku abar burgewa ce, kuma fasahar da aka gwada a jikinta kan gangaro zuwa ƙananan ababen hawa daga baya. Amma samfurin da Kano ke jira wani ne daban: mai jure zafin bazara da ƙurar hunturu, mai tsawon ƙafa, wanda makanikin unguwa zai iya gyarawa. Malamai na iya fara shirya masu zana shi tun daga aji. A jera ƙananan batura a auna yadda bolt ke taruwa. A sassaƙa yumɓu cikin surori daban-daban, masu nauyi ɗaya, a saki cikin doguwar kwalbar ruwa a ga wanda ya riga kaiwa ƙasa. A ajiye ma'aunin zafi cikin akwati fari da baƙi a tsakar rana, a rubuta bambancin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa minjirya ke girgiza hannun masunci ya riga ya taka matakin farko.