Shirin Musamman: Surayya, Sunan da Aka Ɗauko daga Taurari

Masu sauraro, shirin musamman na yau zai dubi sunan Surayya, wanda ake raɗa wa 'ya'ya mata a ƙasar Hausa da ƙasashen Larabawa da Farisa da Turkiyya da Indiya, har ma da wasu sassan Turai, kuma wanda asalinsa sunan wani tarin taurari ne da ido ke iya gani ba tare da wata na'ura ba. Wannan tarin taurari ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ne wanda magabata suka laƙaba wa suna Kaza da 'Ya'yanta, saboda yadda taurarin suka cure wuri guda. Da yawa daga cikin iyayen da ke zaɓar sunan a ranar bakwai sun san cewa na Larabci ne mai daɗin faɗa, amma kaɗan ne suka san cewa abin da suka sa wa 'yarsu yana nan a sama, suna wucewa ƙarƙashinsa kowane daren hunturu.

A harshen Larabci ana furta sunan da Thurayya, sai dai da yake Hausa ba ta da sautin da ke farkon kalmar, sai ta maye gurbinsa da sautin "sa", kamar yadda ta yi a sunayen Usman da Sani da Salisu. Malaman lugga sun danganta kalmar da tushen da ke nuna yawa da wadata, wanda daga gare shi ne aka sami kalmar dukiya ta Larabci, kuma sun bayyana cewa an gina ta ne bisa sigar tasgiri, wato sigar ƙanƙantar da abu, wadda Larabawa kan yi amfani da ita don nuna ƙanƙanta ko ƙauna. Ma'anar da ke fitowa ke nan ita ce 'yar ƙaramar mawadaciya. Wasu malaman sun ce an kira taurarin haka ne domin yawansu a ɗan ƙaramin fili, wasu kuma suka ce saboda yawan ruwan saman da Larabawan dauri suka lura yana zuwa a lokacin da taurarin ke faɗuwa da asuba. Bayan wadata, sunan ya ɗauki ma'ana ta biyu, wato ɗaukaka da nisan da ba a cimmawa, ta yadda Balarabe idan yana so ya nuna tazarar da ke tsakanin abubuwa biyu yakan kwatanta ta da tazarar ƙasa da Surayya.

Masana sararin samaniya sun ƙiyasta cewa tarin yana da nisan shekarun haske kusan 440 daga duniya, kuma shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci cikin shekara guda, wanda ke nufin hasken da ke isowa idon mai kallo a yau ya baro can tun zamanin da Mai Idris Alooma ke mulkin Borno. Mai lafiyar ido yakan ƙirga taurari shida ko bakwai, amma lokacin da Galileo ya duba su da madubin hangen nesa, ya buga zanensu a shekarar 1610 ɗauke da taurari 36, binciken zamani kuma ya nuna sun haura dubu.

Hanyar da sunan ya bi ya shigo ƙasar Hausa ita ce mafi muhimmanci a wannan bayani, domin kafin ya yawaita a bakin iyaye, ya daɗe a bakin malamai da manoma. Larabawa sun raba hanyar da wata ke bi a sama zuwa masaukai 28, waɗanda ake kira manzilolin wata, kuma Surayya ce ta uku a jerinsu, bayan Sharaɗaini da Buɗaini, kafin Dabaran. Malaman ƙasar Hausa sun karɓi wannan lissafi suka ɗora shi a kan shekarar noma, inda kowane tauraro ke ɗaukar kwana 13, ɗaya daga cikinsu kuma ya ɗauki 14, jimilla ta ba da kwana 365, sannan aka raba su bakwai-bakwai tsakanin bazara da damina da kaka da hunturu. Surayya tana zuwa ne a ƙarshen bazara, cikin watan Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura, hadari ya fara haɗuwa, manomi ya gama sharar gona yana jiran ruwan shuka. Abin lura shi ne a waɗannan kwanaki da ake cewa ana cikin Surayya ba a ganin taurarin ko kaɗan, domin rana ce ke daidai da su, haskenta ya rufe su, sai daga baya su sake bayyana a gabas gab da fitowar alfijir. Wannan ilimi ne na gaske da aka gina bisa doguwar lura, kuma abin takaici ne yadda yake ɓacewa daga birane, inda hasken lantarki ya dusashe sama, kalandar bango da wayar hannu kuma suka maye gurbin tambayar malami.

Addinin Musulunci ya shata iyaka a kan wannan lissafi. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana danganta saukar ruwa ga ikon wani tauraro, don haka malamai suka rarrabe tsakanin amfani da taurari wajen sanin lokaci da alƙibla, wanda ya halatta, da kuma ƙudurta cewa su ne ke kawo ruwa ko arziki, wanda ya haramta. Sunan kansa ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da Salmanul Farisi, inda aka ambaci Surayya a matsayin misalin wuri mafi nisa da wasu daga mutanensa za su kai domin neman imani. Haka kuma wasu malaman tafsiri na farko, cikinsu har da Mujahid, sun fassara tauraron da aka rantse da shi a farkon Suratun Najmi da Surayya. Waɗannan dalilai sun isa su kwantar da hankalin uban da ke tambayar ko sunan ya dace da yanka.

Sa wa yaro sunan da aka ɗauko daga yanayi tsohuwar al'ada ce a wurin Hausawa, kamar yadda laƙubba irin su Anaruwa da Marka da Nomau da Ranau ke nunawa, sai dai waɗannan suna faɗin lokacin da aka haifi yaro ne, yayin da Surayya ke faɗin fatan da iyaye ke yi wa 'yarsu. Sauran al'ummu ma sun girmama wannan tarin taurari. Masu magana da Swahili suna kiransa Kilimia, daga kalmarsu ta noma, Farisawa suna kiransa Parwin, wanda shi ma sunan mata ne sananne, Japanawa kuma suna kiransa Subaru, wanda ya sa tambarin motocin wannan kamfani ke ɗauke da taurari shida.

A tarihi, sunan ya shahara tun ƙarnin farko na Hijira ta dalilin wata Baƙuraishiya mai suna Surayya, wadda mawaƙin Makka Umar ɗan Abi Rabi'a ya yawaita ambata a waƙoƙinsa, kuma da aka aurar da ita ga wani mai suna Suhailu, wanda shi ma sunan tauraro ne na kudu, sai mawaƙin ya nuna mamakin yadda za a haɗa tauraron arewa da na kudu. Amma yaɗuwar sunan zuwa wajen duniyar Musulmi aikin ƙarni na 20 ne, kuma mata biyu ne suka fi taka rawa a ciki. Ta farko ita ce Soraya Tarzi, matar Sarki Amanullah Khan na Afganistan, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1929, wadda ta tsaya tsayin daka wajen ilimin mata har aka buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Kabul a zamaninta. Ta biyu ita ce Soraya Esfandiary, wadda ta auri Shah Muhammad Reza Pahlavi na Iran a 1951, suka rabu a 1958 saboda rashin haihuwar magaji, ta rasu a birnin Paris a 2001. Jaridun Turai sun bibiyi rayuwarta shekara da shekaru, kuma daga nan ne iyayen da ba su san Larabci ba a Faransa da Sifaniya da Kudancin Amurka suka shiga sa wa 'ya'yansu sunan, har aka sami Soraya Sáenz de Santamaría, wadda ta zama mataimakiyar firaministan Sifaniya daga 2011 zuwa 2018. A Indiya kuma fitacciyar 'yar fim kuma mawaƙiya Suraiya ta sa sunan ya zama sananne tun shekarun 1940. Turkawa, waɗanda ke furta shi Sureyya, suna sa wa maza da mata.

A Larabcin yau kalmar ta sami ƙarin ma'ana, domin da ita ake kiran babbar fitilar ado mai ƙwayaye da yawa da ake ratayawa a rufin masallatai da manyan zauruka. Haka nan shi ne sunan kamfanin Thuraya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda aka kafa a 1997, mai wayoyin da ke aiki kai tsaye da tauraron ɗan'adam, waɗanda direbobi da fatake masu ratsa Sahara ta Agadas ke dogaro da su a wuraren da layin waya bai kai ba.