Iyakar ma'ajiyar ordinatar da adana matanin Hausa: misalin Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa masu nazarin harshe abin da kan sa furogiram ya datse matani. Za mu ɗauki misalin mai tattara tatsuniyoyi a gundumomin Magarya da Dungas (wadda aka cire daga Magarya a 2011) domin kwatanta karin harshensu da na Kano.

2. Abin da ƙa'idoji suka tanada

Ana auna ma'ajiya da oktet. Ƙa'idar harshen C ta 1989 ta wajabta wa kowane kompilatar, wato furogiram mai juya rubutun mai shiri zuwa harshen na'ura, ya karɓi abu guda mai oktet 32 767. Ta 1999 ta ɗaga adadin zuwa 65 535. Ya kamata a lura cewa wannan mafi ƙarancin abin da aka lamunce ne. Abin da ya ɗara haka ya danganta da kompilatar da kuma na'ura.

A zamanin MS-DOS, na'urar Intel 8086 tana yanka ma'ajiya gida-gida, kowane oktet 65 536. A Turbo Pascal kuwa, jerin haruffa ba ya wuce 255, domin oktet ɗaya ne ke riƙe tsawonsa. A na'ura mai bit 32, tazarar da ake iya lissafawa tsakanin adireshi biyu ta tsaya a 2 147 483 647. Shi ya sa daga 2019 aikin malloc na glibc ya daina ba da abin da ya zarce irin wannan iyaka.

3. Inda abin ya shafi Hausa

A tsarin UTF-8, harafi kamar a ko k oktet ɗaya ne, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ biyu-biyu ne. Ke nan "ɗanɗano" haruffa 7 ne, oktet 9. Wasalin a mai alamar tsawo da ta karin sauti na ƙasa yana cin oktet 4. Idan muka ƙaddara kowace kalma oktet 6 ce, gida mai 65 535 ba zai ɗauki kalma 11 000 ba. In an sa karin sauti, adadin ya ragu ƙwarai.

Haɗarin shi ne, furogiram da ya ɗauki oktet a matsayin harafi yana iya yanke matani a tsakiyar ƙ. Sai kalmar ta lalace, kuma lissafin yawan kalmomi ya karkace ba tare da gargaɗi ba.

4. Kammalawa

Saboda haka, ya dace mai bincike ya ƙidaya oktet da harafi dabam-dabam, ya sa a karanta matani layi-layi, kuma a duba amsar malloc kafin a zuba kome. Muryar tsohuwar da aka naɗa a ƙauye ba kullum ake sake samunta ba.